Rage awo a kasuwar Dole

Yau a kasuwar Dole na tsaya awon hatsi, sai na lura gindin tiyar a lotse yake. Abin da ya fi ƙona mini rai, mai awon ɗan'uwa ne a ikilisiya, tare muke karɓar jibin Ubangiji. Muna haɗa ido ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, kowa haka yake yi, in na cika yara su kwana da yunwa." Na rasa ta cewa, don na san tsadar da ake ciki a Damagaram.

Kullum muna roƙon Allah ya warkar da Nijar, muna kuka da cin hancin manya. Amma annabi Amos, a sura 8 ta littafinsa cikin Littafi Mai Tsarki, masu rage mudu ya tsawata wa. Tun ɗazu zuciyata ke gaya mini mu masu wannan roƙon ba mu fara tuba a rumfunanmu ba tukuna.