Talata a Mile 12: gumi da safe, hadari da la'asar

Tun kafin kiran assalatu na farka, ba don barci ya ishe ni ba. An ɗauke wuta cikin dare, fanka ta tsaya, ɗakinmu na unguwar Ketu a Ikko ya ɗauki zafi babu ko alamar iska. Na watsa ruwa, kafin in fita sallah riga ta sake jiƙewa. Da na duba waya sai na ga zafin yau digiri 32 ne, kuma ana sa ran ruwa da tsawa da yamma. Hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, da wani ya turo mana a WhatsApp ma hakan ya nuna.

Digiri 32 a wajen mutumin Kano wasa ne. Can da bazara sai ya kai 40 ko ya zarce, amma idan ka samu inuwar darbejiya da ruwan randa, gumin zai bushe ka ji daɗin jikinka. A Ikko gumi ba ya bushewa, saboda iskar da ke busowa daga teku ta riga ta cika da laima. Haka za ka yini jiki na danƙo, ga ƙurajen zafi a wuya. Ƙarshen Mayu ke nan, ga Yuni na tafe, watan da ya fi kowane ruwa a garin nan.

Da na isa kasuwar Mile 12, inda muke sayar da albasa, na iske motar albasa daga Aliero ta shigo da dare, 'yan dako na saukewa. Albasar rani ce mai kyau, ɓawonta ja, yana ƙara idan ka murza. Sai dai a wannan lokaci kyanta ba ya hana ni fargaba. Albasa ba ta shiri da laima. Idan ka lulluɓe ta da tampol cikin wannan zafi, buhu ya yi gumi, wuyanta ya yi laushi, kafin ka farga ta fara tsiro ko ruɓa daga tsakiya. Idan ka buɗe ta ta sha iska, ruwa ya zo ya same ta. Waya kuma cewa take yi da yamma, ba ta faɗin ƙarfe nawa, ba ta kuma bambanta Mile 12 da Obalende. Sau da yawa a sheƙa ruwa a Ikoyi mu nan ko ɗigo ba mu gani ba.

Na ce wa maigidana, "Alhaji, a rufe ne ko a bari?" Ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ce, "Bar ta ta sha iska, ɗan nan. Ka dai sa yara su jera katako a ƙasa, tampol ya zauna kusa da igiya. In ka ji iska mai sanyi ta taso, kada ka jira umarnina." Shi bai yarda da waya ba, ni kuma ban raina ta ba. Ita ta sa tun safe na ɗauko duwatsun danne tampol, Alhaji kuma ya san lokacin da za a ja shi.

'Yan tumatir sun fi mu shiga uku. Na noman rani daga Kadawa da Danja ya ja baya, kwando ya yi tsada, wanda ya iso kuma rabinsa ya narke a hanya. Wata Iya mai sayen kayan miya ta tsaya tana ta faɗa da Yarabanci a kan kwandon da ke tsiyayar ruwa ta ƙasa, daga baya ta dawo ta saye shi a matsayin ɓage, wato tumatirin da ya fashe.

Bayan azahar gari ya yi tsit, zafi ya ƙaru, ƙudaje suka yi yawa. Ana shirin la'asar gabas ta yi baƙi ƙirin, aka fara jin cida daga nesa. Sai iskar nan mai sanyi ta bugo, ta kwashi ledoji da ɓawon albasa ta yi sama da su, laimar mai shayi ta kife. Muka ja tampol mu huɗu, iska na fizge shi daga hannunmu, wani yaro ya kwanta a kai da cikinsa har muka ɗaure. Aka yi wata tsawa da ta sa kowa salati, sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Bai kai awa ɗaya ba ya ɗauke, amma kasuwa ta koma taɓo har idon sawu. Kwata ta cika ta amayo abin da ke cikinta, ledar ruwa da robobin lemo. Gwamnatin Legas ta hana farar robar nan ta zuba abinci tun Janairun 2024, duk da haka na ga wasu na yawo a kan ruwan. Buhunan ƙasa uku sun sha ruwa ta gefe. Muka zazzage su a kan tabarma, muka ware masu laushi, Alhaji ya ce a karya farashinsu a rabu da su kafin magariba.

Da dare na kira Baba a ƙauye, wajen Bichi. Na ba shi labarin ruwan, ya yi dariya ya ce, "Ku kuna gudunsa, mu muna neman sa." Ya ce an gama sharar gona, an kai taki, wasu har sun yi binne, hadari na haɗuwa da yamma iska ta watsa shi. Iskar teku mai ɗauke da ruwan nan a hankali take hawa arewa, sai ta jiƙa kurmi tukuna kafin ta isa gare su. Na ce, "Baba, in sha Allahu yana hanya." Ya ce amin, sannan ya tuna mini kuɗin irin gero da na yi alkawari.

Gobe da wuri zan je wajen masu katako a ƙaro mana abin ɗora buhu, don wayar ta nuna ruwa har Juma'a, kuma direban mota ta biyu ya bugo ya ce ya wuce Ilorin.