Koren fis ɗin da na sa wa boksina

Har yau in na ji ƙaurin roba, ko da yara ne suka ƙona leda a bayan gida, sai gabana ya faɗi. Abin ya faru a kakar riɗin da ta wuce, kuma ba kowa ya ja mini ba sai hannuna.

Tsohuwar Hilux ce, irin wadda duk Gadarif, a nan Sudan, ake kira boksi. Da ita nake kai ma'aikata da ruwa da buhun dawa gona, can wajen Doka. Wanda ya taɓa noman riɗi ya san in ya nuna ba ya jiran kowa, ka makara kwana kaɗan kwanson ya buɗe ya zubar maka da wahalarka a ƙasa. Shi ya sa a watan Oktoba rabin tafiyata da dare ce. Hanyar kuma ga ramukan da damina ta bari a baƙar ƙasar nan, ga shanu, ga tarakta da ke jan tirela babu ko ƙwai ɗaya a bayanta. Fitilun motar sun tsufa, haskensu ya koma kamar na aci-balbal. Sai na sayi doguwar fitilar nan ta LED da ake ɗaurawa a saman gilashi, an rubuta wat 180 a kwalinta.

Ɗaura ta bai ba ni wahala ba. Abin da ban so shi ne in huda gaban motar in maƙala wani makunni na kasuwa yana lilo. Motar tana da makunnin fitilar hazo na kamfani kusa da sitiyari, ba ya aikin komai, don tun da na saye ta ban ga fitilar hazo a jikinta ba. Na zare shi, na taɓa da ƙwan gwaji, na ga in an kunna ƙananan fitilu wuta tana zuwa, in an danna tana fita ta ɗaya ƙafar. Na ce shi ke nan, Allah ya hutar da ni. Na ja waya daga wannan ƙafar kai tsaye zuwa fitilar. A cikin kwalin akwai rile, ɗan makunnin nan da ƙaramar wuta ke taɓawa ya buɗe wa babbar wuta hanya, wanda masu gyara a nan ke kira katawut, da tulin wayoyinsa. Na dube shi na ce wannan ƙarin aiki ne, na jefa a akwatin gaba.

Daren farko ta kama, hanya ta zama rana. Ba a yi minti biyu ba sai komai na gaban direba ya ɗauke, fitilun baya ma suka mutu. Na tsaya, na buɗe akwatin fis, na ga jan fis ɗin nan mai lamba 10 ya tsinke. To a nan ne na yi abin da har yanzu nake jin kunyar faɗa. Ina da wani kore mai lamba 30 a cikin tarkacena. Na cire ja na cusa kore, komai ya dawo, har na ce wa yaron motata, "Ka gani? Ƙaramin fis suka sa."

Ai ba ƙaramin fis suka sa ba. Fis ɗin daidai yake da wayar da yake gadi. Wayar da ke bayan makunnin nan siririya ce kamar tsinken tsintsiya, kusan rabin milimita, kamfani ya yi ta ne don ta taɓa rile kawai, shi kuma rile abin da yake sha bai kai kashi ɗaya cikin biyar na amfiya ba. Ni kuwa na ɗora mata fitilar da in ka raba 180 da bolt 12 za ka samu amfiya 15. Ko da yake irin waɗannan fitilun ba su cika shan abin da aka rubuta ba, tawa da aka auna daga baya ta haura 11, ga kuma fitilun baya da na lamba duk a kan layi ɗaya. Jan fis ɗin ya yi aikinsa, ya mutu don wayar ta rayu. Koren kuwa sai wuta ta wuce 30 zai motsa, shi ya zauna abinsa yana kallo.

Kwana uku ina ɗan kunnawa ina kashewa, ban ji komai ba. A dare na huɗu muka taso daga gona da mutum tara a baya, na bar ta a kunne kusan rabin awa. Sai ƙauri. Na ɗauka birki ne. Can sai hayaƙi ya fara fitowa ta ƙarƙashin sitiyari, siriri, yana bin hasken agogon mota. Na taka birki, na yi tsalle na buɗe gaba, kan batir kuma ya ƙi kwancewa da hannu, sifana mai lamba 10 tana can ƙasan kujera. Yaron ne ya lalubo ta. Kafin in cire, makunnin ya narke ya lotsa ciki, in ka taɓa sai ya biyo yatsa kamar ƙaro. Muka kwana a wurin, sauro ya yi yadda ya ga dama da mu.

Da safe aka ja mu zuwa wajen wani dattijo mai gyaran wutar mota, Bahaushe ne, mutanensa daga Mai Wurno suke, kowa Usta yake ce masa. Ya kwance gaban motar, ya fito da damin wayoyin da suke kira dafira. Wayar tawa ta narke ta manne da wasu shida, tsawon kamu biyu sun zama abu ɗaya, ba ka gane ja daga shuɗi. Ya zaro koren fis ɗin ya ɗaga shi a rana. Lafiyarsa ƙalau, ko tabo babu.

"Wa ya sa wannan?"

Na ce, "Baba, ni ne."

"Ɗana, da ƙusa ka sa ai duk ɗaya ne. Jan da ya tsinke magana ya yi maka, kai kuma ka toshe masa baki."

Kwana uku motar ta yi a wurinsa yana yanke waya ɗaya bayan ɗaya yana ɗinkewa. Kwana ukun nan sai da na yi hayar wata boksin, kuma wani ɓangare na gonar bai samu masu yanka a kan lokaci ba. Kuɗin gyaran bai ƙona mini rai kamar riɗin da na tarar a ƙasa ba. Duk a kan abin da ke kwance a akwatin gaba tun ranar farko, ban ko biya kuɗinsa daban ba.

Da ya gama, ya samo mini wani makunnin na kamfani daga wata motar da aka farfasa, na ce ya bari in haɗa rilen da hannuna yana kallo. Waya mai kauri, wadda ake kira 2.5, daga batir, fis ruwan ɗorawa mai lamba 20 a kusa da kan batir ɗin, bai fi taƙi ɗaya ba, ta shiga ƙafar rilen mai lamba 30, ta fita ta 87 zuwa fitila. Wannan duk daidai. Sai na so fitilar ta riƙa kamawa tare da dogon hasken fitilun gaba kawai, wato doguwa ba gajera ba, don kada in makantar da mai tahowa. Na ɗauki wuta daga wayar doguwar, ta bi makunni zuwa ƙafar rilen ta 86, na ɗaure ta 85 a ƙarfen mota. Na kunna gajera, fitilar sama ta kama. Na ɗaga doguwa, ta mutu. Usta ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ashe tsofaffin Toyota da yawa a juye suke. Wuta tana zaune a ƙafa ɗaya ta ƙwan, makunnin sitiyari kuma ƙasa yake ba wa gajera ko doguwa. Wato wayar da na ɗauka ta doguwa tana nuna wuta ne lokacin da doguwar take kashe, in an kunna ta sai ta koma ƙasa. Da na tsaya na taɓa ƙafafun uku da ƙwan gwaji ina ɗagawa ina saukewa, da na gani cikin minti ɗaya. Gyaran bai wuce sauya waya biyu ba: makunnin ya sha daga ƙafar da wuta ke zaune, 85 kuma ta koma kan wayar doguwar. Layin fitilun baya ya fita daga maganar gaba ɗaya, jan fis mai lamba 10 ya koma gidansa.

Yanzu in mutum ya ce mini zai yi amfani da makunnin kamfani, cewa nake ya yi, ya fi kyau kuma ba ya huda komai. Amma sai na tambaye shi ina rilensa, in gan shi da idona. In kuma ya ce fis yana yawan tsinke masa, ba na barinsa ya ƙarasa maganar.

Koren yana nan cikin tokar sigarin motar, Usta ne ya jefa shi ciki ranar da zan tafi. Makon jiya ɗan ƙanwata mai tuƙa raksha, wato keke mai ƙafa uku, ya gan shi, ya ce, "Kawu, ba ni wannan, na rakshata yana ta tsinkewa." Na karɓe na sa a aljihu, na ce ya turo rakshar gida bayan la'asar mu duba wayar.