Maigadin makaranta ne ya ba ni kan maganata

Ni aikin sola nake yi a Kano, ƙaramin kamfani ne, ni da ƙanena da yara huɗu masu hawa rufi, kayanmu yawanci a Sabon Gari muke saye wani lokaci kuma mu yi oda daga Legas. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 sana'ar nan ta canza, da can gidajen masu hali ne kawai ke kiranmu, yanzu kuwa makarantu ne da ƙananan asibitoci da masallatai. Su kuma irin waɗannan wurare ba mutum ɗaya ke yanke hukunci ba, kwamiti ne, sai an sa maka rana ka zo ka tsaya gabansu ka yi bayani, wani lokaci ku uku ko huɗu ne ke neman aikin ana shiga ɗaya bayan ɗaya kowa minti 15 ko 20.

To a nan ne muka daɗe muna ja-in-ja da ƙanena. Shi a ganinsa ɓata lokaci ne ka fara shirin bayani tun saura sati biyu, kullum cewa yake "Yaya bakinka ai ya isa, ka bari ranar ta matso maganar za ta zo da kanta." Kuma gaskiya yana da hujja, don tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashin fanel da batir bai tsaya wuri ɗaya ba, a farkon 2024 da dala ta haura naira 1,500 sai ka tambayi kuɗin inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batir irin wadda ake amfani da ita a gida, da safe, da yamma ɗan kasuwa ya ce maka ya canza. Idan ka rubuta farashi tun da wuri ka ci kanka ke nan. Ni ma na bi shawararsa na wani lokaci.

Abin da ya dawo da ni wani ƙaramin asibiti ne. An ba mu kwana 10, na ce bari in jira sai kaina ya buɗe, sai daren ranar na zauna na haɗa shafuka a kwamfuta, hotunan ayyukanmu na baya, kalmomi masu daɗi, wallahi har na ji a raina na gama da su. Da na shiga na yi magana lafiya lau, sai wata ma'aikaciyar jinya a cikin kwamitin ta ce "Malam, firjinmu na rigakafi, idan aka yi kwana biyu ana hadari ba rana sosai, awa nawa zai riƙe?" Ban taɓa ganin firjin ba. Ban san wat nawa yake ci ba. Na fara kame-kame, ita kuma ba neman kunyata ni take ba, allurar yara take tunani, dole ta zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8 in ba haka ba ta lalace. Aikin ya tafi hannun wani, kuma har ga Allah ya cancanta, don na ji labarin sau biyu ya zo ya zaga wurin kafin ranar. Abin ya daɗe yana damuna.

Bayan 'yan watanni wata makaranta mai zaman kanta ta kira mu, sati biyu suka ba mu. Washegari na ɗauki littafi da mita na tafi. Na ƙirga fanka 14 na sama, kowace tana cin kusan wat 75, kwamfutoci 12 a ɗakin kwamfuta, firinta, fitilu, sai famfon rijiyar burtsatse mai ƙarfin doki ɗaya, shi wannan kusan wat 750 yake ci amma lokacin tashi yana iya jan ninki uku ko fiye, kuma shi ne yake kashe wa mutane inbata idan ba a yi lissafinsa ba. Na hau rufin na duba kwanon ko zai ɗauki nauyi, na ga wata darbejiya da ke jefa inuwa ta gefen yamma bayan la'asar. Duk wannan ban san me zan faɗa wa kwamiti ba tukuna, lambobi kawai nake tarawa.

Zuwa na biyu ne na zauna a benci da maigadi, dattijo ne, muna hira na ce "Baba, janaretan nan naku ƙarfe nawa kuke kashe shi?" Ya ce ai ana tashi boko ƙarfe biyu, Islamiyya ta shigo zuwa shida, daga nan sai shi kaɗai da fitila huɗu har gari ya waye. Ya ce kuma kullum da safe shi ake ba jarka ya je gidan mai. Ina kan hanyar komawa a cikin Adaidaita abin ya faɗo min, makarantar nan ai da rana take rayuwa! Wutar da suke bukata kusan duk lokacin da rana ke sama ne, me zai sa a ɗora musu tulin batir, alhali batir shi ne ya fi komai tsada a aikin? A ƙara fanel, a sa batir lithium guda ɗaya mai kilowat-awa 5 saboda dare da lokacin hadari, famfo kuma a riƙa kunna shi tsakanin 11 da ƙarfe 1 rana na tsaka. Wannan ita ce basirar da ƙanena ke cewa a jira, ta zo ɗin kuwa, amma da ban zauna a bencin nan ba ta ina za ta biyo?

Sauran kwanakin na yi ta gyara, na karanta wa matata bayanin ta ce wurin maganar wat da bolt ya yi yawa ba ta gane komai, na rage shi na mayar da shi zuwa jarka, wato jarka nawa ake saye a sati, jarka nawa za a daina saye. Na sa maganar hunturu ma, don ƙurar da ke kwanciya a kan fanel daga Disamba zuwa Fabrairu tana rage wuta sosai, gara su ji daga bakina tun yanzu cewa sai an riƙa wankewa, da su kira ni daga baya suna cewa na yaudare su. Farashi kaɗai na bari, sai ana gobe na kira mutanenmu na kasuwa na cike, na rubuta a ƙasa cewa kwana 3 kawai yake aiki. A nan ƙanena ya yi gaskiya kuma har yau haka muke yi.

Ranar da na shiga ban fara da sunan kamfani ba, na ce "Ranku ya daɗe, Baba maigadi ya gaya min kullum da safe shi ke ɗaukar jarka." Shugabar makarantar ta ɗago kai ta ajiye wayarta. Ma'ajinsu ya yi min tambayoyi kusan goma, har da me zai faru in sun ƙara aji biyu baɗi, na buɗe littafina na nuna masa inda na bar wuri a inbata. Bayan kwana huɗu suka kira mu. Yanzu haka akwai wani masallacin Juma'a da ya sa mana rana ƙarshen wata, ƙanena da kansa ya ce gobe bayan Azahar zai je ya ƙirga fankoki ya ga ladan.