A kan sawun Budika, daga Landan zuwa Norfolk

Shekara biyu ina fama da littafin nan, ƙagaggen labari a kan Budika, sarauniyar ƙabilar Iceni da ta yi wa Rumawa bore a Birtaniya wajen shekara ta 60 zuwa 61 miladiyya. Babi goma sha ɗaya na rubuta a ɗakina a Zariya, kusan duk kirari ne, don da na rufe ido fuskar Sarauniya Amina nake ɗora mata. Da Allah Ya kai ni Landan wajen ƙanwata mai aikin jinya, na ce mata kafin zumunci sai ta raka ni in taka ƙasar da matar nan ta taka.

Muka fara da gadar Westminster. "Yaya, ga mutuniyarki," in ji ta, tana nuna mutum-mutumin tagulla: Budika tsaye a keken doki, mashi a hannu, 'ya'yanta mata biyu a durƙushe gefenta. A 1902 aka kafa shi. Shekara ɗaya bayan haka sojojin wannan gari suka ci Kano da Sakkwato. Na daɗe a wurin, abin yana cin raina, har sanyin kogi ya kore mu.

Washegari muka hau jirgin ƙasa daga tashar Liverpool Street zuwa Colchester, tafiyar kamar sa'a guda. Nan ne Camulodunum, garin da ta fara ƙonawa. Dalilinta a fili yake: mijinta Prasutagus ya bar wasiyyar a raba gadonsa tsakanin 'ya'yansa mata da sarkin Rum Nero, Rumawa suka yi fatali da ita, suka yi wa Budika bulala, suka keta haddin 'yan matan. Gwamna Suetonius Paulinus kuwa yana can yaƙi a tsibirin Anglesey. Duk wannan na sani tun daga gida.

Abin da karatu bai ba ni ba yana ƙarƙashin tsohuwar fadar dutse ta garin, wadda aka ɗora a kan harsashin haikalin Claudius, sarkin Rum da ya gabaci Nero. Aka sauka da mu can ƙasa, rufin ya matso kai, iska ta yi nauyi. A saman inda nake tsaye mutanen gari suka kulle kansu kwana biyu kafin a ci su. Da muka hau sama na tarar da wani akwatin gilashi mai awarwaro da 'yan kunne na zinariya, waɗanda aka tono a 2014 a ƙarƙashin wani kanti. Binne su aka yi a daɓen ɗaki, ɗakin ya ƙone a kansu, mai su bai dawo ba. Na tuna yadda kakata ke ɗaure 'yan kunnenta a tsumma ta tura ƙasan adaka. Hawaye ya zubo mini. Ƙanwata ta riƙe hannuna ba ta ce uffan ba.

A duk babi goma sha ɗayan da na rubuta, ban ba ko mutum ɗaya na cikin garin nan fuska ba. Tacitus, marubucin tarihin Rum, ya ce mutum dubu 70 suka hallaka a Colchester da Landan da St Albans, ni kuwa na wuce su a sakin layi biyu don kada in ɓata jarumata. Wannan ha'inci ne ga mai karatu, kuma ita ma Budika ya rage mata nauyi, don macen da aka zalunta har ta kai ga wannan ɗaukar fansa ta fi ƙarfin waƙar yabo.

Rana ta uku muka isa Norwich a yankin Norfolk, ƙasar Iceni, muka fita bayan gari zuwa Caistor St Edmund, inda Rumawa suka gina wa Iceni gari bayan an murƙushe boren. Yau fili ne kore da guntayen ganuwa da tumaki. Na zauna a kan ciyawa na buɗe littafin ajiyata. Duk kalmar da ta rage a kan matar nan abokan gabanta suka rubuta. Cassius Dio, wani marubucin tarihin Rum wanda ya zo fiye da shekara ɗari bayanta, shi ya ce doguwa ce mai kaushin murya, gashi har ƙugu, abin wuya na zinariya, ta saki zomo daga rigarta don duba sa'ar yaƙi. Tacitus ya ce guba ta sha, Dio ya ce ciwo ya kashe ta. 'Ya'yan nan biyu da aka yi yaƙin dominsu, ko sunansu ba wanda ya rubuta.

"Yaya, motar ƙarfe huɗu fa," ƙanwata ta kira ni daga bakin shinge.

Na ce ta ba ni minti biyar. Na ja layi a kan babi na farko, a sabon shafi na fara da wata mata a durƙushe cikin ɗaki tana tonon daɓe da wuƙar girki, ƙaramar 'yar sarauniya kuma tana kan hanya da rundunar uwarta, saura tafiyar yini ɗaya.