Daga Memfis zuwa Shikago da Hamonika a Aljihu

Hanya mai lamba 61 tana fita daga birnin Memfis na Amurka ta kudu, kuma da an gangara tudun ƙarshe an shiga jihar Misisifi sai ƙasa ta shimfiɗe kamar faifai. A watan Oktoba na bi ta, lokacin da auduga ta fashe, gonaki fari fat hagu da dama har iyakar ganin ido. Tafiyar kilomita kusan 120 ce zuwa Clarksdale, awa ɗaya da rabi a mota. Wannan fili da ke tsakanin kogin Misisifi da kogin Yazu shi ake kira Delta, kuma a nan baƙaƙen fata masu noman auduga suka raini kiɗan buluz.

Abin da ya kai ni shi ne busar da mutanen wurin ke kira haf. Mai jin sunan zai ɗauka babbar molon Turawa ce mai tsirkiya da yawa, alhali 'yar hamonika ce mai rami goma, wadda tsawonta bai kai tafin hannu ba. Kamfanin Hohner na garin Trossingen a Jamus ya fito da samfurin Marine Band a 1896, kuma araharsa ce ta sa ya shiga aljihun leburan gona. A ciki akwai harsunan tagulla 20, biyu a kowane rami: ɗaya yana kaɗawa in an hura, ɗaya in an zuƙa. Da haruffa ake kiran sautukan kiɗa, kuma a hamonika mai harafin C, hurawa daga rami na 1 zuwa na 10 tana ba da C E G C E G C E G C, zuƙa kuma D G B D F A B D F A. Duk wanda bai haddace waɗannan layuka biyu ba lalube kawai zai yi ta yi.

A Clarksdale akwai gidan tarihin buluz na Delta a tsohuwar ma'ajiyar kayan jirgin ƙasa, inda aka ajiye ragowar ɗakin katakon da mawaƙin buluz Muddy Waters ya zauna a gonar Stovall kafin ya tafi Shikago a 1943. Kusa da shi akwai gidan kiɗa na Ground Zero da aka buɗe a 2001. Amma darasin ba a nan na same shi ba, a barandar wani dattijo ne da ke koyar da busa a bayan gari. Da na fito da hamonikata ta C, tambayar farko da ya yi ita ce a wane gida zan yi busa. Na ce C, tunda shi ne rubuce a jikinta. Ya yi dariya ya ce: “Ɗana, wannan ta G ce in buluz kake so.”

Dalilin kuwa shi ne, masu buluz suna mayar da zuƙar rami na 2 gidansu, wato sautin da kowace jimla ke komawa ta huta. A hamonikar C wannan sauti G ne. Yin haka yana sa manyan sautukan kiɗan su faɗa kan zuƙa, kuma a ramukan ƙasa zuƙa ce ake iya lanƙwasawa. Don haka lissafin zaɓen hamonika ya zama: in makaɗa suna E a ɗauki A, in suna A a ɗauki D, in suna G a ɗauki C, in suna D a ɗauki G, in suna C a ɗauki F. Masu gita na Delta sun fi son E da A, shi ya sa hamonikar A ce ke fara tsufa a jakar kowane mabushi. Wanda ya ɗauki ba daidai ba, ko ya iya busa kamar me, kowane sauti zai fito a karkace, kuma babu gyara sai canjawa.

Kwana biyun farko rami ɗaya tak muka yi ta fama da shi. Zuƙar rami na 2 ita ce ke fara kunyata sabon shiga: tana fita a shaƙe, kamar akuyar da aka riƙe wa maƙogwaro, har mutum ya rantse kayan ne suka lalace. Ba su lalace ba. Bakin ne ya tsuke, harshe ya ja baya, ana tsotsa da kumatu kamar mai shan fura da tsinke. Maganinsa a saki haɓa ƙasa kamar mai shirin hamma, a tura hamonikar cikin baki sosai ta zauna kan jiƙaƙƙen ɓangaren leɓe, a ja iskar daga ciki a hankali. In har yanzu yana shaƙewa, a bar iska kaɗan ta shiga ta hanci, nan take sautin zai buɗe.

Lanƙwasa sauti kuwa ba ƙarfi ba ne, siffar cikin baki ce. Ana zuƙa kamar ana faɗin “ii”, sai a mayar da shi “uu” tare da ɗaga bayan harshe zuwa wurin da ake furta harafin k. Ramin bakin ya canja girma, harsunan tagullan nan biyu na ramin suka shiga jayayya, sautin ya sauko. Iyakar saukarsa tana bin tazarar da ke tsakanin sautin hurawa da na zuƙa a wannan ramin. Rami na 1 da na 4 da na 6 rabin taki ɗaya suke bayarwa, wato tazarar da ke tsakanin maɓallan fiyano biyu maƙwabtan juna. Na 2 yana ba da biyu. Na 3, tsakanin G da B, yana ba da uku, shi ya sa ya fi kowanne wuya kuma ya fi kowanne daɗi. Na 5 ba ya ba da cikakken rabin taki ko kaɗan, domin E da F maƙwabtan juna ne, kuma masu matsa masa dole su ne ke kashe harshensa cikin 'yan makonni. Manhajar auna sauti ta waya tana taimakawa a nan, tana nuna ko a rami na 3 an sauka kan B mai laushi, wato rabin taki ƙasa da B, ko an zarce zuwa A.

Da wannan aka samu tsanin buluz mai hawa bakwai: zuƙa 2, zuƙa 3 a ɗan lanƙwashe, hura 4, zuƙa 4 a lanƙwashe, zuƙa 4 sak, zuƙa 5, hura 6. A zuƙa 3 ake gane wanda ya sha koyo. In an bar shi sak, kiɗan sai ya yi fara'a, ya tashi daga buluz. In an danna shi da yawa ya zama wani sautin daban. Tsofaffin mabusa suna ajiye shi a tsakani, wurin da ba shi da maɓalli a kan fiyano, kuma kunnen da ya saba da goge ko kukuma ba zai ji wannan baƙon abu ba.

Ranar Laraba na tsallaka gadar kogin zuwa Helena a jihar Akansas, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Garin ya yi shiru, shaguna da yawa a rufe, ganuwar ƙasa ta tare kogin daga titi. Daga nan ne gidan rediyon KFFA ya fara watsa shirin King Biscuit Time a Nuwamban 1941, da sunan fulawar kamfanin da ke ɗaukar nauyinsa, kuma mabushin shirin shi ne Sonny Boy Williamson na biyu, wanda ake kira Rice Miller. Ana sa shi da ƙarfe 12:15 na rana, daidai lokacin da leburori ke hutun cin abinci. Wanda ya saurari tsofaffin faya-fayansa da kunnen mai koyo zai lura da yawan shirunsa. Yakan rera layi, ya amsa wa kansa da sauti uku ko huɗu, ya tsaya. Aikin hamonika a wurinsa aikin 'yan amshi ne, ba ta hawa kan muryar mawaƙi.

Wannan shi ya kai mu ga ginin da ake ƙirƙira a cikinsa. Zagaye ɗaya na buluz gaɓa 12 ne, kowace gaɓa bugu huɗu, jimla bugu 48, sannan a koma farko. In ana G, gaɓa huɗun farko suna kan G, ta 5 da ta 6 su koma C, ta 7 da ta 8 su dawo G, ta 9 ta hau D, ta 10 ta sauko C, ta 11 G, ta 12 kuma sau da yawa D ce, mai juyo da kiɗan zuwa sabon zagaye. Wasu makaɗan kan leƙa C a gaɓa ta 2 su dawo, kuma sukan faɗa kafin a fara. Bugun ma ba a raba shi biyu daidai: na farko dogo, na biyu gajere, kamar tafiyar mai ɗingishi.

Ga yadda dattijon ya tsara atisayen. A kunna kiɗan rakiya a hankali, bugu 70 zuwa 80 a minti. Zagaye uku na farko ba a busa komai, ƙirga kawai ake yi da ƙafa har sai jiki ya san zuwan gaɓa ta 5 da ta 9 ba tare da lissafi ba. Sannan a busa gidan kowace gaɓa kaɗai: zuƙa 2 a kan G, hura 4 a kan C, zuƙa 4 ko zuƙa 1 a kan D. Bayan haka a ƙera jimla ɗaya da sauti uku kacal, ta cika gaɓa biyu, a yi shiru gaɓa biyu. A maimaita ta a gaɓa ta 5 da ta 6, a sake yin shiru. A ta 9 da ta 10 a kawo wata jimla dabam da za ta amsa ta farkon, a sauka gida a ta 11. Haka baitin buluz yake, layi ɗaya sau biyu sannan na uku ya warware. Sai wannan ya zauna ake ƙara sauti na huɗu. Ni a ganina wannan hanya ta fi haddar jimlolin wasu nesa ba kusa ba, domin mai hadda yakan zubo duk abin da ya sani a zagayen farko, a na biyu ya tsaya yana kallon rufi.

Akwai kurakurai biyu da ke fitowa a gaɓa ta 5. Na farko, zuƙa 3 sak a kan C yana karo da haɗin sautin masu gita, dole a lanƙwasa shi ko a kauce masa. Na biyu matsalar numfashi ce, kuma ta saɓa da abin da mutum ke zato: mabushin buluz iska ba ta ƙare masa, yawa take yi masa. Tunda yawancin sautukan zuƙa ne, huhu yakan cika har ƙirji ya ɗaure. A gaɓa ta 5 da ta 6 duk ramukan hurawa sun dace da C, to nan ne wurin sauke kaya, ana hurawa ana sakin ragowar ta hanci.

Na ratsa ta Tutwiler, kilomita ashirin da 'yan kai kudu da Clarksdale, inda makaɗi W.C. Handy ya ce ya fara jin kiɗan buluz a tashar jirgi wajen 1903. Kabarin Sonny Boy, wanda ya rasu a 1965, yana bayan garin a gefen gona, masu ziyara suna barin tsofaffin hamonika a kansa, rana da ruwa sun cinye su. Daga nan na koma Memfis na hau jirgin ƙasa na dare zuwa Shikago, hanyar da dubban iyalan Delta suka bi neman aikin masana'anta.

A Shikago busar ta canja murya saboda hayaniya. A kasuwar titin Maxwell da gidajen rawa na kudancin birnin, gita mai lantarki da ganguna sun danne 'yar hamonika, sai mabusa irin su Little Walter, haifaffen Luwiziyana a 1930, suka haɗa ta da ƙaramin makirfo a cikin tafin hannu suka jona da amfilifaya. Ginin kamfanin faya-fayan Chess mai lamba 2120 a titin Michigan ta kudu yana nan, ya zama wurin ziyara. Makirfon da aka fi gani shi ne mai siffar kan harsashi, irin Shure 520 da Astatic JT-30. Sirrin kaurin sautin yana hannu: a rufe bayan hamonika da makirfon ruf, kada iska ta tsere ta tsakanin yatsu. In amfilifaya ta fara ƙara mai tsinka kunne, mabushin ne ya tsaya a gabanta. Ya koma gefe, ya rage siririn sauti, ya rage ƙarfin makirfo. A nan ne kuma na ga amfanin toshe ramuka da harshe maimakon tsuke leɓe: baki ya rufe rami huɗu, harshe ya toshe uku na hagu, sauti ya fita ta dama. In aka toshe biyun tsakiya kaɗai, hura 1 da hura 4 su fito tare, sai ka ce mutum biyu ne ke busa.

A daren da ake barin kowa ya hau dandali, ana rubuta suna a takarda a jira kira. Shugaban makaɗa zai faɗi gida da irin bugun, ya ƙirga huɗu. In ya gyaɗa maka kai, zagaye biyu ne naka, gaɓa 24, daga nan ka mayar masa. Lokacin da mawaƙi ke rerawa ko mai gita ke nasa, hamonika tana ƙasa. Waɗanda suka saba sukan zo da guda biyar ko shida a jaka, A da C da D da G da F da B mai laushi, an rubuta harafin kowace da babban baƙi a gefe saboda duhun wurin.

Kafin a hau a kurkure baki da ruwa, domin ɓawon gyaɗa ɗaya ya isa ya tsayar da harshen tagulla a tsakiyar jimla. Bayan an sauka a bubbuga ramukan a tafin hannu yawu ya fita, a bar ta ta sha iska kafin a rufe a akwati. Mai jikin katako irin Marine Band ba a jiƙa ta a ruwa, katakon kumbura yake yi ya fito ya yanki leɓe. Mai jikin roba irin Special 20 ta fi haƙuri da sabon shiga. In zuƙa 4 ta fara sauka ƙasa da kanta ba a lanƙwasa ta ba, harshen ya gaji ke nan, tsagewa ta kama gindinsa, sai a canja farantin harsunan gaba ɗaya ko a sayi wata.