Sana'ar kai mutane ganin ruwa a dajin Swallow Falls

Ni dai sana'ata ɗaukar mutane ce a mota in kai su daji su ga ruwa yana zubowa daga kan dutse, in dawo da su gida lafiya kafin dare ya tsala. Da ita nake ci da iyali a nan jihar Maryland ta Amurka tun daga watan Afrilu har ƙarshen Oktoba, sauran watannin kuma sai in koma jigilar filin jirgi da ɗaukar 'yan biki, don in sanyi ya kankama babu wanda zaka ja zuwa tsauni a cikin mutanenmu ko da kyauta ne.

Mota ɗaya gare ni, bas mai cin mutum 15 har da direba. Ba haka kawai na tsaya a 15 ɗin ba, a dokar ƙasar nan da zarar mota ta kai mutum 16 sai ka yi lasin ɗin manyan motocin haya, shi kuma wani dogon zance ne. Abin da ya fi cin kuɗi a harkar ba mai bane ba kuma taya ba, inshora ce, duk wata tana nan tana jiranka ko ka yi lodi ko baka yi ba. Fasinjojina galibi namu ne, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan zangon Ghana da ke zaune kewayen Washington da Baltimore, amma waɗanda suka fi shiga raina iyayenmu mata ne da suka zo wa 'ya'yansu wankan jego, mace ta yi wata da watanni a ɗaki daga falo sai kicin, ba maƙwabciyar da zata leƙa, ba tsakar gida. Irin su in suka sauko daga mota suka shaƙi iskar dajin nan sai kaga fuska ta sake.

Inda na fi kai mutane shi ne Swallow Falls, gandun daji ne na gwamnatin jiha a gundumar Garrett, can ƙuryar yammacin Maryland kusa da garin Oakland. Tafiyar awa uku ce da ɗoriya daga Washington, mu bi babbar hanya ta 70 mu karya ta 68 a Hancock, mu ratsa ta Sideling Hill inda aka tsaga dutse gida biyu aka fitar da titi, mu wuce Cumberland sai hawa. Da an idar da asuba nake tashi, kuma wannan ba na sassauci a kai, saboda ranakun Asabar da Lahadi na bazara wurin ajiye motoci yana cika, in ya cika ma'aikata rufe ƙofa suke yi, ka kwaso mutane tun daga Silver Spring da ke gefen Washington ka zo ka tsaya a bakin get kana ba su haƙuri ai ba sana'a ka yi ba.

Hanyar ƙafar da ke zagaya ruwan gajera ce, mil ɗaya da kwata, wajen kilomita 2 kenan. Daga wurin motoci zaka shiga ƙarƙashin wasu dogayen itatuwa da ake kira hemlok, wasu sun haura shekara 300 ba a taɓa sa musu gatari ba, inuwarsu ta rufe sama ruf har sai ka ji sanyi ya sauka a wuyanka ko da rana ta take. Kafin ka ga komai zaka fara jin ƙugin ruwa. Wannan shi ne Muddy Creek Falls, tsawonsa ƙafa 53, kusan mita 16, babu ruwan da ya kai shi faɗowa kai tsaye a duk jihar. Ruwan jaja-jaja ne mai duhu, kuma duk zuwa sai wani ya ce min datti ne, to ba datti bane, daga fadamar Cranesville yake tasowa, ganyaye da saiwoyin da suka jiƙa a can su ke rina shi. A nan gefen ne Henry Ford mai motoci da Thomas Edison da Harvey Firestone mai taya suka kafa tanti a 1921, akwai allo da ke nuna wurin, yara suna son tsayawa su karanta wa kakanninsu.

Daga nan sai matakala ta katako a gangara ƙasa, a bi rafin har inda ya haɗe da kogin Youghiogheny, mutanen wurin Yok kawai suke cewa, sannan a bi gaɓar kogin a yi sama a tarar da ƙaramin Swallow Falls da babban, ga wani dutse tsaye shi kaɗai a gefen ruwa da 'yan bishiyoyi a kansa. Can gaba kaɗan akwai Tolliver Falls, ɗan ƙarami ne mai natsuwa, nan nake barin yara su tsoma ƙafa.

To gajartar hanyar nan ita ke yaudarar mutane, kuma a nan ainihin aikina yake. Tuƙi kowa zai iya. Mutum ya ji an ce kilomita 2 sai ya taho da silifas, Hajiya ta taho da takalmi mai tsini da leshi mai jan ƙasa saboda hoto, alhali ƙasan duk saiwoyi ne da duwatsu, kuma dutsen da feshin ruwa ke taɓawa gansakuka ta lulluɓe shi, santsinsa kamar yauƙin kuɓewa. Shi yasa tun ana saura kwana biyu nake tura saƙo a WhatsApp, kambas ko wani takalmi mai kama ƙasa, wando a ƙarƙashin abaya, hijabin da bai wuce gwiwa ba, rigar sanyi ko da Yuli ne. A bayan mota ina da buhu guda na kambas kala-kala da sanduna na dogarawa, wanda ya zo da silifas ba na faɗa da shi, buhun kawai nake buɗe masa.

Kogin kuwa ba na wasa da shi ko kaɗan. Yok a wannan yankin ruwa ne mai gudu da ƙarfi a tsakanin manyan duwatsu, ƙwararrun masu ƙananan kwale-kwale ne ke biyo shi da hular kwano da rigar ruwa, kuma ya sha cin mutane. Abin da ke ruɗar samari shi ne zasu ga wasu suna tsalle daga kan dutse suna faɗawa gurbin da ke ƙarƙashin babban Swallow Falls, daga sama ruwan ya yi lumui, amma a ƙasa yana juyawa, ga sanyi mai ɗauke numfashi, ga ramuka a ƙarƙashin duwatsu da ƙafa ke maƙalewa. Yawancin yaranmu kuma iyon da suka iya na kwamin wanka ne. Dokata ɗaya ce kuma tun a mota nake faɗinta a gaban iyaye, ba mai shiga Yok a tafiyata. Wani saurayi ya taɓa tsare ni a bakin ruwan ya riga ya cire riga, yana cewa kawu ni fa na iya ruwa, kuɗina na biya. Na ce masa ɗana na san ka biya, zan mayar maka da kuɗinka yanzu in kana so, amma mahaifiyarka da ke zaune can a hannuna ta damƙa ka. Ya yi ta ƙunƙuni har muka hau sama. Mai son iyo ina kai shi tafkin Herrington Manor da ke kusa, can akwai wurin da aka keɓe don wanka.

In an yi ruwan sama mai yawa kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, kogin yana cika ya koma wani abu daban, kyan gani kam ba a magana, amma ranar ba na sauka da tsofaffi ƙasa, a dandamalin katako na saman Muddy Creek muke tsayawa, har keken guragu yana isa wurin. Ina gaba, matata ko ƙanena yana baya, ba mai wuce ni ba mai zama bayansa, kuma duk inda muka tsaya sai na ƙirga kawuna. Sabis ɗin waya yana ɗaukewa a cikin kwarin, saboda haka ba zancen in ka ɓata ka kira ni.

Abinci daga gida muke tahowa da shi, dafa-duka da soyayyar kaza da zoɓo a kula, wani lokacin wata Hajiya ta ƙullo dambun nama a raba. Akwai tebura a ƙarƙashin itatuwa, nan muke shimfiɗa tabarmi mu haɗa azahar da la'asar tunda matafiya ne, buta da galan ɗin ruwan alwala suna mota kullum, ba na so a je bakin kogi alwala. Sharar mu kuma a leda muke ƙullewa mu tafi da ita, ko ƙashin kaza ba a bari, saboda dajin akwai baƙar beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai gashi, kuma in ta saba da abincin mutane ita ce ke ƙarewa da wahala. Kafin a shiga mota kowa ya duba ƙafarsa da bayan kunnen yara saboda kaska, ta nan ƙanana ce sosai kuma tana sa cutar Lyme.

Abin da ke damuna yanzu itatuwan ne. Akwai wani ɗan ƙwaro da ya shigo daga Asiya yana tsotse hemlok, zaka ga fari-fari a gindin ganyen, ya riga ya kashe su da yawa a gabashin Amurka, ma'aikatan daji suna ta yi wa na nan magani bishiya bayan bishiya. Wannan daji asalinsa kyauta ce, a 1906 wasu 'yan'uwa biyu John da Robert Garrett suka ba jihar fili kusan eka 2,000 a yankin, daga nan gandun dajin gwamnatin Maryland ya samo asali. Shi yasa in na ga yaro ya ɗauko makulli zai rubuta sunansa a jikin bishiya nake riƙe hannunsa, in ce ya tsaya ya ɗaga kai ya ga inda ta ƙare tukuna.

Kasuwa ta fi buɗewa a Oktoba lokacin da ganye ke komawa ja da ruwan ɗorawa, ga bikin Autumn Glory da ake yi a Oakland, kujerun watan tun Agusta suke ƙarewa, ribar shekara kusan a nan take. Mata da yawa sun yi min maganar a ware musu rana tasu su kaɗai da 'ya'yansu, matata ta san hanyar yanzu ciki da bai, in Allah ya kai mu bazara mai zuwa ita zata riƙa jan su, ni in tsaya a mota da kayan abinci.