Kashi 51 da aka ba ni a takarda, da kashi 30 da na saya da motocina

Ni ɗan Tawa ne, amma a Yamai nake nema. Motocin sitarne biyu gare ni, kuma tun bayan buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a ƙarshen 2011 nake jigilar esansi da gazuwal. Lokacin da aikin shimfiɗa bututun mai daga Agadem, inda ake haƙo man Nijar, zuwa tashar jiragen ruwa ta Seme a ƙasar Benin ya kankama, wajen kilomita 2,000, wani abokin ciniki ya haɗa ni da wani baƙo daga ƙasar waje mai son zuba kuɗi a harkar. Ya ce yana neman ɗan ƙasa da za su kafa kamfani tare.

A zamanmu na farko na tambaye shi ko rijiyar mai za mu saya. Tunanina ke nan a lokacin, kuma na san mutane da yawa a kasuwa haka suke ɗauka. Lauyan da kawuna ya tura ni wurinsa ne ya warware min. Man da ke ƙarƙashin ƙasa na ƙasa ne, ba a sayar wa kowa, baƙo ko ɗan gida. Abin da gwamnati ke bayarwa shi ne izinin nema da haƙowa, bisa yarjejeniyar raba abin da aka haƙo, irin wadda kamfanin mai na CNPC na Sin ya sa wa hannu a 2008 kan Agadem, ko ta kamfanin Savannah na Ingila a 2014. Kamfani yana zuba kuɗinsa, idan bai samu mai ba asarar tasa ce. Idan ya samu, sai a fara cire hakkin ƙasa, sannan ya maido da kuɗin da ya kashe daga wani ɓangare na man, ragowar a raba. Dokar mai ta 2017 ta kuma bai wa gwamnati damar shiga da kaso har zuwa kashi 20 cikin 100 idan an zo haƙowa. A matatar Damagaram kuwa CNPC na da 60, Nijar na da 40.

Lauyan ya tsaya a kan wata magana da ban ba ta muhimmanci ba a ranar. Ya ce: "Alhaji, ko gwamnati idan ta karɓi kasonta, akwai nauyin kuɗin aiki da ke biye da shi. Idan kamfani ya biya mata, daga nata man ake cirewa."

Wannan babbar ƙofa ba tamu ba ce, ta masu biliyoyi ce. Tamu ita ce ta ƙananan kwangiloli: jigila, abinci, kayan gyara, hayar injuna. A nan doka tana fifita kamfanin ƙasa idan farashinsa da ingancin aikinsa sun yi daidai da na waje, kuma dalilin da ya sa baƙon ke nemana ke nan. Muka je wurin noter, mai tabbatar da takardu bisa doka, aka rubuta kamfani, aka yi rajista a Maison de l'Entreprise, ofishin rajistar kamfanoni, muka samu lambar rajistar kasuwanci (RCCM) da ta haraji (NIF). Ni kashi 51, shi 49. Na koma gida ina murna.

Ban sa ko dala ba a jarin. Shi ya biya nawa kason, aka rubuta bashi ne a kaina. Manajan kamfani mutuminsa ne, kuma sa hannun manajan kaɗai banki ke karɓa. Wata da watanni motoci na aiki, ana biya, ban taɓa ganin takardar shige da ficen kuɗi ba. Idan na tambaya sai a ce ana biyan kayan da aka yo oda daga waje. Amma da takardar haraji ta fito, ni aka fara kira, domin adireshin kamfanin shagona ne, kuma ni ma'aikata suka sani idan albashi ya yi jinkiri. Wani direba da ya girme ni ya tare ni a gareji ya ce: "Alhaji, don ganin fuskarka muka zo aikin nan." Daren nan ban yi barci ba.

Na kai wa kawuna maganar. Ya saurara har na gama, sannan ya ce: "Ɗana, sunanka ka ba da aro, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Koma ka sayi abin da za ka iya riƙewa."

Ba mu yi faɗa da baƙon ba. Har yau ina ganin ba mugun mutum ba ne, ya kare dukiyarsa ne yadda ya iya, ni kuma na sa hannu a kan abin da ban karanta ba. Muka sake zama, wannan karon da lauyana a gefena. Na mayar da kashi 51, aka soke bashin. Na shigar da motocina biyu a matsayin jari, wani masani mai zaman kansa ya kimanta su kamar yadda dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta bai-ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, ta tanada, suka tsaya a kashi 30. Na nemi abu uku aka rubuta: kuɗi ba za su fita daga asusu ba sai da sa hannu biyu, zan ga lissafi kowane wata, kuma mataimakin manaja zai zama ɗan ƙasa da za a koya wa aikin. A kan wannan na ƙarshe muka fi daɗewa muna ja.

Tun daga 2024 da aka fara lodin ɗanyen manmu a Seme, hukumomi sun ƙara matsa lamba kan ɗaukar 'yan ƙasa aiki da daidaita albashinsu da na baƙi. Ina goyon bayan haka da zuciya ɗaya. Abin da nake tsoro shi ne yawan baƙin da za su zo neman sunan aro, da yawan 'yan uwanmu da za su bayar. Makon jiya wani ƙanena daga Tawa ya kawo min takardun da aka ce ya sa wa hannu, kashi 60 nasa. Na buɗe shafin da ke faɗin wanda ke da ikon sa hannu a banki, na ce ya karanta min da ƙarfi.